Gwadabe Raka-Gawa

Gwadabe mutumin wani ƙauye ne kusa da Aujara, manomin gero da dawa kamar kowa, sai dai ya gaji gangar noma a wurin mahaifinsa. In aka yi gayya shi ake kira. Yakan bi bayan manoma yana kiɗa, yana ambaton duk wanda aka bari a baya, har sai mutum ya ji nauyi ya cim ma 'yan'uwansa. Shi ya sa ake ce masa Ta-da-Rago, kuma yana son sunan. Yana da 'yar kukuma da yake gogawa da yamma a ƙofar gida, amma wannan don kansa ce, da matarsa Bilki da 'yarsu Hassana.

Wata kaka, zamanin Turawa, ya kai wake kasuwa a Dutse, sai ya tarar gari ya ɗauka cewa an kawo majigi daga Kano. Za a kafa farin ƙyalle a fili, a haska mutane suna motsi a jikinsa. Hotunan ba sa magana. Malam Isah, malamin majigin, shi yake tsayawa gefe yana bayani, garmaho kuma yana kiɗa. To a hanya garmahon ya faɗo daga mota ya fashe. Aka ce a nemo makaɗi, wani ya nuna Gwadabe da kukumarsa a rataye.

"Malam, me zan kiɗa wa inuwa?" in ji Gwadabe.

Malam Isah ya ce, "Ka dai zuba ido. Abin da ka gani, shi za ka kiɗa."

Bayan lisha aka tayar da inji. Labarin wani magidanci ne da yake shan ruwan kududdufi, ya ƙi na rijiya. Da yana tafiya kasuwa, Gwadabe ya yi masa kiɗan tafiya, jama'a suka yi ta dariya. Da ciwo ya kwantar da shi, ya sassauta. Can sai ga mutum huɗu sun fito da makara a kafaɗa. Gwadabe bai shirya wa wannan ba. Hannunsa ne kawai ya ja izga, wani sauti ya fito siriri, ya hau sama, ya karye, ya sake hawa. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin inji. A ɓangaren mata wata tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce, "Wannan ba makaɗi ba ne, mai raka gawa ne!"

Kafin gari ya waye sunan ya bi shi. Shi ma dariya ya yi.

Malam Isah ya roƙe shi ya bi motar. Wata biyu suna yawo: Kiyawa, Jahun, Aujara, da ƙauyukan da ke tsakani. Gwadabe ya tsara wa kowane sashe na hoton takensa, amma taken makara shi mutane suke jira. Tun motar ba ta tsaya ba ake ihu, "Ga Raka-Gawa nan!" Mata suna rera shi a bakin turmi, masu jakai suna yin sa da fito a hanya. Da ya dawo gida Bilki ta ce, "Malam, sunan nan bai kwanta mini ba. Ka hana su."

"Ta yaya zan hana bakin kasuwa?"

Bazara ta shigo da zafi irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Sai sanƙarau ya ɓulla. Mutum zai tashi da ciwon kai, kafin la'asar wuya ya sandare, washegari an kai shi. Ya fara daga wajen Kiyawa, ya gangaro Jahun. Ba a san wanda ya fara lissafa garuruwan ba, amma wata ranar kasuwa Gwadabe ya ji mahauci yana cewa, "Duk inda ya goga abin nan, can ake haƙa." Da ya matso, mahaucin ya sunkuyar da kai yana kore ƙuda.

Liman, Malam Maharazu, ya yi magana bayan sallar Juma'a. Ya ce ajali na Allah ne, tsirkiya ba ta kashe kowa, kuma ciwon ya shiga garuruwan da motar ba ta taɓa takawa ba. Aka ce haka ne, Allah ya gafarta Malam. Amma da aka tashi, ba wanda ya miƙa wa Gwadabe hannu. Uwa in ta ji ɗanta yana rera taken sai ta buge masa baki. Bilki ta je rijiya, mata suka janye gugansu har ta gama. Damina ta faɗi, ciwon ya lafa, aka yi gayya uku a ƙauyen, duka da makaɗin da aka ɗauko daga wani gari.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, wani Bafulatani ya yi sallama. Ya ce sunansa Hussaini, ɗan Bubayero mai rugar da ke bayan fadama. Mahaifinsa ya tsufa, ya kwana arba'in a kwance, kuma ya ce a kira masa mai kukuma.

Bilki ta tare ƙofar ɗaki. "Kada ka je. In ya mutu kai ne, in ya tashi ba wanda zai ce kai ne."

Gwadabe ya daɗe a tsaye. Wata biyar ke nan ba wanda ya neme shi don komai. Ya ɗauki kukumar.

Ya sami tsohon a kan tabarma a inuwar bukka, ƙashi da fata. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, ka san abin da ake faɗa a kaina?"

"Na sani," in ji Bubayero. "Na ji kiɗan a Aujara. Tun da na bar Gabas ina yaro ban ji abin da ya tuna mini da innata ba sai shi. Ni tafiyata ta zo, da kai da ba kai. Goga mini."

Ya goga. Matan rugar suka kwashe 'ya'yansu suka yi cikin shanu. Tsohon ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Da aka gama ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya sa aka ba shi ƙwaryar nono. Kwana uku bayan nan ya cika.

Hussaini ya bi kasuwa yana rantsuwa cewa mahaifinsa ne ya nema, amma wannan bai taimaka ba. Yanzu cewa ake yi har kiransa ake yi ya ƙarasa marar lafiya. Wata safiya suka tashi suka ga an jingina makarar masallaci a jikin dangarsu. Ba sawun kowa, an share ƙasar da reshe. Gwadabe ya mayar da ita da kansa, a ka, ta tsakiyar gari, mutane suna leƙe ta kan katanga. Da aka girbe gero ya ɗora kayansu a jaki biyu suka yi arewa.

Sun zauna a wani ƙauye kusa da Garki, inda ya ce shi mai tufkar igiya ne. Shekara biyu ana kiransa Gwadabe Baƙo. Sai majigi ya zo garin, da wani malami dabam da wani mai kukuma. Gwadabe ya tsaya can baya. Da makara ta fito a ƙyalle, sai ya ji takensa, ba a canza ko gaɓa ɗaya ba. Malamin ya ɗaga murya ya ce, "Wannan shi ne taken Raka-Gawa, mutumin ƙasar Dutse. An ce ya mutu, kiɗansa ne ya ci shi."

Wani falke da ke kusa, mutumin Jahun, ya juyo ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa a hasken ƙyallen, sannan ya ja rigarsa ya matsa. Bai faɗa wa kowa ba, ko kuma ya faɗa, Gwadabe bai taɓa sani ba. Daga ranar dai duk wanda aka yi wa rasuwa a ƙauyen, sai ya zauna a gida yana sauraron ko za a zo a ce shi ne sanadi.

Ba a zo ba. Ya yi shekara goma sha tara a nan yana tufka, ya rasu da furfura. Hassana, wadda ta ba da labarin nan bayan ta tsufa, ta ce ba ta sake ganin kukuma a hannunsa ba. Sai dai wani lokaci yana zaune, yatsunsa na hagu su kama motsi a kan gwiwa su kaɗai. In ya lura, sai ya dubi ƙofa, ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa ya danne.