Saifar Kawu

Muna aji biyar a makarantar likitanci aka kawo kawuna, ƙanen mahaifiyata, daga Turba. Manomi ne, saifarsa ta kumbura har ta sauko kusa da cibiya. Ni na yi masa hanya ya samu gado a asibitin da muke koyon aiki, ina jin na yi abin kirki.

Babban likitan da ke koyar da mu ya ɗaga rigar kawu bai ko yi masa sallama ba. Ya danna cikin, fuskarsa ta washe. Da Turanci ya ce mana mu gode wa Allah, irin wannan saifa ba kullum ake samunta ba. Ya sa muka yi layi. Kowa ya zo ya luma yatsunsa ƙarƙashin haƙarƙarin dattijon, ya ce masa ya ja numfashi. Wasu har sau biyu.

Da layi ya zo kaina, kawu ya kama hannuna. Ya ce, "Ɗana, har da kai?"

Malamin ya daka mini tsawa, wai hira na zo yi? Na zare hannuna, na danna.

Kwana huɗu da fara magani kawu ya samu sauƙi, amma ba a sallame shi ba. Jarrabawar 'yan aji shida na tafe, ana son su same shi a gadon. Na bi malamin har bakin motarsa, na ce geron kawuna ya isa yanka, ba shi da mai taimaka masa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce idan gero ne damuwata, in koma ƙauye in riƙe lauje. Ya ja ƙofa.

Da yamma kawu ya tambaye ni, "Yaushe za ni gida?" Na ce sai an ga sakamakon jini. Ƙarya ce, kuma ya gane.

Sai bayan jarrabawar suka sake shi. Tsuntsaye sun riga sun yi wa gonar ɓarna.

Na gama karatu, na dawo garin Isa, kusa da Turba, ina aiki. Saifa kam na iya gano ta ko ido rufe, wannan malamin ne ya koya mini, kuma har yau idan muka haɗu a taro ba na miƙa masa hannu. Kawu kuwa bai sake bari na taɓa shi ba. Idan zazzaɓi ya kama shi, kemis yake zuwa, ya wuce ta ƙofar asibitina.