Ramin Lakar Ƙanena

Ni ne babba, ni nake tuƙa injin haƙa rijiyar burtsatse na Baba shekara goma sha ɗaya, amma duk inda muka je aiki ƙanena ake tambaya. Taɓo muke kiransa, don tun yana ƙarami ba a taɓa ganin gwiwar hannunsa fes ba. Mota ma bai iya juya ta baya ba, magana kuwa sai an matsa masa. Aikinsa duka rami ɗaya ne da ake tonawa gefen inji, inda ake kwaɓa laka.

Lakar nan ita famfo ke turawa cikin bututu har ƙasa, ta dawo sama ɗauke da yashi da ɓarɓashin dutsen da haƙorin inji ya ci. Da garin yumɓu na buhu ake yin ta. Taɓo ba ya juye buhun gaba ɗaya. Da tafin hannu yake barbaɗawa kan ruwa, kaɗan-kaɗan, sannan ya hana kowa tada inji sai garin ya sha ruwa ya kumbura. Baba, wanda bai taɓa jirana na gama kofin shayi ba, sai ka gan shi zaune kan taya yana jiran laka. Taɓo ya tsoma hannu, ya ɗago, ya kalli yadda take sauka daga yatsunsa, ya ce, "Saura kaɗan." Baba ya gyaɗa kai kamar likita ne ya yi magana. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Da ƙafafun Baba suka fara kumbura, ya ce rijiyar da za mu haƙa a wani gidan kaji ita ce ta ƙarshe a wurinsa. Daga ita zai miƙa wa ɗayanmu makullin inji. Bai faɗi wa ba.

Rana ta uku mun kai mita sittin, muka tsaya cin abinci, Baba ya aiki Taɓo shago ya ƙaro gari. Na leƙa ramin. Lakar ta kwanta ta daskare, har na soka sanda ta tsaya ƙyam. Raina ya yi fari, na ce yau na kama gwani da kuskure. Na jawo tiyo na sakar mata ruwa har ta tsinke, na tada inji, na ci mita biyar da saurin da ban taɓa yi ba, ina satar kallon Baba ko ya gani.

Sai man famfo ya ƙare. Kafin a zuba wani an yi minti ashirin. Na juya bututu, ko motsi.

Taɓo ya iso da buhu a kafaɗa. Ya tsoma hannu a rami, lakar ta zube daga yatsunsa kamar ruwan wanki. Ya kalli tiyo, ya kalle ni.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "daskarewar nan ai ita ce aikinta. In famfo ya tsaya, ita ke riƙe yashin a inda yake, da an motsa ta kuma take sakewa. Yanzu duk abin da muka haƙa ya sauka kan haƙori."

Shekara goma sha ɗaya ina gefen ramin nan ban taɓa tambaya ba, don kada a ce shi ya koya mini.

Baba ya ɗingiso da sandarsa. "Wa ya taɓa lakar?"

Kafin na buɗe baki Taɓo ya riga ni. "Ni ne, Baba. Garin da na sa da safe bai isa ba."

Baba ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen wandona. Kwana biyu Taɓo ya yi yana kwaɓa sabuwar laka mai kauri, yana tura ta a hankali, kafin bututun ya saki. Rijiyar ta ba da ruwa.

Ranar da muka kwashe kaya Baba ya ɗora makulli a tafin hannuna. "Inji naka ne," ya ce. "Amma kada ka tada shi sai ƙanenka ya ce a tada."

Yau shekara huɗu da rasuwar Baba. Makullin yana aljihuna, sunana ne a jikin mota. Kowace safiya ni ke zaune kan tayar nan, ina kallon hannun Taɓo. Ban taɓa yi masa godiya ba, shi ma bai taɓa tada zancen ba, kuma shirun nasa ma ina ƙyashinsa.