Fim a Ƙarƙashin Ƙwaryar Inna Tamo

Asabar, tashar Dakoro

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na buga ƙofar Isufu da ƙafa, don hannuwana duka biyu kaya ne. Isufu ɗan kawuna ne, shi ke riƙe mana kamera, watau salularsa mai ido uku wadda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba.

Ga wanda bai san mu ba, mu huɗu ne muke yin fim a Dakoro, kuma fim ɗinmu ba rawa, ba waƙa, ba soyayya. Na farko inuwar raƙuma ce kawai a kasuwa. Na biyu salula muka ɗaure a guga muka zura ta rijiya. Ranar da muka nuna shi, wata mata ta jira har ya ƙare sannan ta tambaya yaushe za a fara. A gari ana ce mana 'yan lakwal, watau 'yan boko, da karatu ya taɓa. Ni daɗi nake ji, sauran ukun kuwa sun gaji. Suka ba ni tafiya ɗaya tak. In ban dawo da abin da zai zaunar da mutum kan tabarma ba, mu koma fim ɗin soyayya irin na kowa, kuma ni za a shafa wa jan baki in riƙa leƙe daga bayan itace.

Na ce wajen Inna Tamo za mu. Tsohuwa ce mai zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, a wani ƙauye bayan Ɗan Gulbi. Uwata tana da ƙwaryarta guda. Matan yankin duk zane ɗaya suke yi tun kakanni, ita kuwa babbar mota ta zana da ƙafafun raƙumi. Tun ina 'yar firamare nake son ganin kan da ya haifi wannan motar.

Direban ƙaramar bas ya rantse biyar da rabi zai tashi. Kuɗin mota jikka ɗaya da rabi kowa. Bakwai saura goma muka tashi, bayan na yi masa magana sau huɗu.

"Hajiya, in kina sauri ki hau gajimare."

"Nuna mini tasharsa."

Hanyar Kornaka

Ba mu yi nisa ba jandarma suka tsayar da mu. Muka miƙa katin shaida. Ɗaya ya ƙura wa sandata ido, wadda na ɗaure makirho a bakinta na rufe da safar Isufu saboda iska.

"Mi ne wannan?"

"Kunne ne, shef. Fim muke yi."

"To ina jarumar?"

Isufu ya nuna ni da haɓa. Jandarman ya dubi fuskata, ya dubi Isufu, ya ce, "Allah shi ba ku sa'a." Motar duka ta kwashe da dariya, har da ni, don gaskiya tun asuba fuskata a ɗaure take.

Kilomita hamsin da 'yan kai, takwas da minti ashirin muna Kornaka. Muka ci ƙosai da kunu na dala hamsin a tsaye. Daga nan muka bar kwalta. 'Yan kabu-kabu biyu, jikka bibbiyu, rairayi har cinya. Nawa ya kayar da ni sau ɗaya, ya ce mashin ɗin ne bai saba da mata masu surutu ba. Na tashi na karkaɗe zane, na ce ya sake, ban ɗauki ƙarar faɗuwar ba.

Ɗan Gulbi

Sha ɗaya da minti goma. Rana ta bazara, salular Isufu ta yi zafi har ya naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle kamar jariri. Muka sha fura da nono, muka samu amalanken shanu na wani dattijo, Baba Mamman, wanda zai koma ƙauyen da buhunan dusa. Bai karɓi ko dala ba.

Mun yi rabin hanya ya waiwayo.

"Gaisuwa za ku wajen Tamo?"

"Wace gaisuwa, Baba?"

"Af. Maigidanta ya rasu, wata uku ke nan. Takaba take."

Duk shirin da na yi, ban tambayi kowa ko lafiya gidan yake ba. Isufu ya yi addu'a ga mamacin, ya shafa, sannan ya juyo yana danne dariya.

"Rakiya, wane launin jan baki kike so?"

"In ka sake magana sai na ci safarka."

Gidan Inna Tamo

Ɗaya da rabi muka sauka. Isufu ƙofar gida ya tsaya, don namiji baƙo ba ya shiga wajen mai takaba. Sai da ya ja minti biyar kafin ya saki salular a hannuna.

"Kar ki ajiye ta ƙasa. Kar ki kai ta kusa da wuta. Kar ki ba kowa."

Cikin awa guda na yi duka ukun.

Na shiga da atamfata ja da rawaya kamar mai zuwa biki. Inna Tamo tana zaune a rumfa, 'yar ƙarama, da tsohon zane, ba ɗan kunne, ba kwalli, ga kaskon garwashi gabanta da wuƙaƙe a ciki. Ashe takaba ba ta hana ta aiki ba. Maƙwabciyarta, Gwaggo Hajo, tana gefe tana tsince wake. Na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi ko 'yar wa ce ni, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ban iya zagaye-zagaye ba.

"Sinima?" in ji Inna Tamo. "Ni? Mi za a gani?"

Nan na yi wautar. Don in nuna mata, sai na kunna idon gaba na kai mata salular daidai fuska.

Gwaggo Hajo ta zubar da wake. "Innalillahi! Madubi! Ke wace irin ɗiya ce? Mai takaba kike nuna wa madubi?"

Wallahi na san wannan al'adar, kakata ta yi ta a gabana. Ban dai taɓa ɗaukar salula a matsayin madubi ba. Gwaggo Hajo ta ce sai dai a sake lissafin kwanaki daga farko, kuma in tattara sandata in fita. Na riga na hango kaina bayan itace.

Inna Tamo ba ta ko motsa ba.

"Hajo, zauna. Ni ban ga kaina ba. Wata tsohuwa na gani mai baƙin jini, ban san ta ba."

Na juya zuwa idon baya da sauri, na danna ɗauka. "Inna, ga shi yanzu ba ya nuna ki, hannuwanki kawai nake..."

Ta fizge salular, ta kife ta kan tabarma, ta jawo wata tsohuwar ƙwarya ta rufe.

"Ya zauna nan."

"Yana aiki fa, Inna. Yana ji, yana gani."

"Shi ga cikin ƙwarya. Ni shekara hamsin ina ganin bayanta."

Ta ci gaba da zanenta. Na zauna ina karkaɗa ƙafa. Na tambaye ta motar nan mai ƙafafun raƙumi. Ta ce ranar da ta fara ganin mota ta maƙale a rairayi ne ta tausaya mata, ta ba ta ƙafafu. Ta ce mata sun yi shekaru ba sa sayen nata, wai ƙwaryar aljanu ce, marigayi ne ke kai su kasuwa ya ce daga Agadas suka zo. Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane. Ni kuwa haƙurina ya ƙare.

"Inna, duhu kawai yake ɗauka!"

"Haske yake so? Ba ki faɗi ba."

Ta zaro basilla daga garwashi, bakinta ja wur, ta dafa ƙwaryar da ke rufe da salular Isufu, ta huda. Hayaƙi ya tashi. "Ga taga." Ta maida basilla wuta, ta sake hudawa. Ta sake. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Gwaggo Hajo ma ta bar wake tana kallo. Ni addu'a kawai nake kar basillar ta kai ga idon salula, amma ko za a yanka ni ba zan ce ta tsaya ba.

Da ta gama ta ɗaga ƙwaryar ta miƙo mini abina. "Tahi da shi, ya sha hira."

Na fita da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Muka tsuguna bayan danga ni da Isufu da Baba Mamman, na kunna abin da salular ta ɗauka. Minti huɗu na farko baƙi ƙirin, sai muryar tsohuwa da ƙarar wuƙa tana cin ƙwarya. Isufu ya buɗe baki zai yi tsiya. Sai wani ɗigo ja ya fito a tsakiyar duhun, ya fashe ya zama fari, haske ya zubo da hayaƙi yana murɗawa a cikinsa. Sai na biyu. Sai na goma. A hankali ɗigon suka haɗu suka zama mutum da sanda a kafaɗa, yana tafe.

Baba Mamman ya cire hula. "Tafiyar marigayi ce wannan. Haka yake karkata."

Isufu ya karɓe salular. Ya maido fim ɗin farko. Ya shinshina salularsa, ya ji ƙauri, ya harare ni, ya sake maido shi farko. Na tashi na yi tsalle uku a tsakiyar hanya har awaki suka watse.

Na koma ciki na tambayi Inna ko ta yarda a nuna wa mutane. Ta ce ƙwarya ce, ba ita ba, a nuna. Ita ba za ta kalla ba sai ta fita takaba.

Lahadi, komawa

Na kwana ɗakin Gwaggo Hajo, wadda ta huce har ta ba ni tuwon hatsi da miyar kuka tana ce mini marar kai. Isufu ya kwana zauren Baba Mamman. Shida muka hau amalanke, sha ɗaya saura kwata muna Kornaka, muka yi zaman jiran mota awa biyu ban yi wa kowa masifa ba. Biyu da kwata muna Dakoro.

Ko gida ban je ba. Na kira sauran biyun shagon Isufu, na kunna musu. Minti goma sha ɗaya, ba wanda ya ko duba tasa salular. Da ya ƙare ɗaya ya ce, "To wa za mu rubuta ya ɗauka? Ke?"

Na ce a'a, ni zama na yi ina karkaɗa ƙafa. A rubuta Tamo.

Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu. Baba Mamman, Allah ya ƙara wa shanunka ƙarfi. Gwaggo Hajo, ki yafe mini wakenki. Inna Tamo, Allah ya jiƙan maigida. Saura kwana arba'in ki fita, ranar za mu zo da farin zane mu rataya a dangarki mu haska fim ɗin a kai, ke ce a gaba.