Roda Maiwada da Baƙar Darduma

An haifi Roda a wani ƙauye kusa da Dayi, a gidan manoma waɗanda suka karɓi addinin Kirista tun tana goye. Ba ta yi makaranta ba, sai ajin yaƙi da jahilci, wanda ya ishe ta karanta Littafi Mai Tsarki da rubuta sunanta. Ta auri Matta Maiwada, mai awo a kasuwar auduga, ya kawo ta Malumfashi, unguwar da ni ma na zauna shekara ashirin da biyu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Yarsu ɗaya ce ta rayu, Susana.

Da safe Roda wanki take yi a wani ɗakin shan magani na mishan. Da rana kuwa kaɗi ne aikinta. Wadda ta koya mata shi ita ce Gwaggo Hansai, wata dattijuwa Musulma da ke ƙarshen layinmu, wadda masaƙan garin suka yarda babu mai zare siriri kamar nata. Kullum bayan azahar mata biyar ko shida sukan taru a ɗakin Roda, kowace da taskirarta da mazarinta, domin ɗakin yana da daɓen siminti da taga babba. Wannan zaman shi ne rayuwar Roda. Matta yakan yi makonni a kasuwannin ƙauye lokacin kaka, Susana tana makarantar kwana a Zariya, saboda haka in ba matan nan ba, babu mai buɗe mata baki daga fitowar rana har faɗuwarta.

A shekarar 1976 Baturiyar da ke kula da ɗakin shan maganin, wadda kowa yake kira Sista, ta gama aikinta za ta koma gida. Ta raba kayanta ga ma'aikata, rabon Roda ya faɗa kan darduma baƙa wuluk, mai kauri da laushi, wadda tsawonta ya kai taku huɗu. A amalanke aka kawo ta.

Roda ta shimfiɗa ta a tsakar ɗaki, ta ja da baya ta duba, ta ga duk abin da ke ɗakin ya muzanta. Daga ranar ta shiga gyara. Ta shafe bango da farar ƙasa har sau biyu, domin baƙin ya fito sosai. Ta sauke jerenta na kwanuka masu ruwan ɗorawa, ta bar ja da fari kaɗai a kabad. Ta ɗinka fararen labule masu jan baki. Ta sa wani kafinta a Funtuwa ya yi mata kujeru biyu masu matashi, ta ajiye su daura da juna. Tabarmin kaba da mata suke zama a kai ta naɗe su ta kai bayan ƙofa. Keken Matta ma, wanda ya shekara goma yana kwana a ɗakin, aka mayar da shi zaure.

“Uwar Susana,” in ji Matta, “ni ma zauren zan koma, ko za a bar ni in riƙa leƙowa?”

“Ka leƙo, Malam, amma ka wanke ƙafa.”

Ɗakin ya yi kyau, wannan babu musu. Sai dai abin da Roda ba ta lissafa ba shi ne, baƙi da auduga ba sa shiri. Ranar farko da mata suka dawo zaman kaɗi, kafin la'asar dardumar ta yi fari-fari da ɓurɓushin auduga da garin allin da suke shafa wa yatsu. Ana hira, Roda tana durƙushe tana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo Hansai ta ce, “'Yar nan, yaushe kika zama kaza? Tun ɗazu tsince-tsince kike yi a ƙarƙashinmu.”

Aka yi dariya, ban da Roda. Kashegari ta shimfiɗa musu tabarmi a tsakar gida, ta ce ai waje ya fi iska. Wajen kuwa babu inuwa sai ta katanga, iskar da ta yaba kuma ita ce take kwashe musu auduga. Babu wadda ta yi ƙorafi. Cikin mako biyu zaman ya koma wani gida a ƙetaren hanya. Gwaggo Hansai ba ta bi su ba, domin yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta iya ƙetare hanyar mota. Ta zauna a gidanta.

Shekara uku ɗakin Roda yana rufe kamar ofis ranar Lahadi. Sai Kirsimeti ake buɗe shi sosai, baƙi su shiga suna raɓe-raɓe a jikin bango, don kada su taka dardumar. Ita kuwa a ɗakin girki take kaɗinta, ita kaɗai. Ta katanga nakan ji tana yi wa awaki magana. Ta san abin da ta rasa, amma ta kasa zuwa ta ce wa matan su dawo, domin ita ta fitar da su, kuma dalilin fitarwar yana nan a shimfiɗe.

A 1979 aka yi baikon Susana da wani malamin makaranta ɗan Musawa. Zumunta a ƙafa take, saboda haka Gwaggo Hansai ta dogara sandarta ta zo taya murna. Ina ɗakin a ranar. Ta yi sallama, ta laluba ta tuɓe takalmanta, ta wuce kujerun nan biyu ba ta ko lura da su ba, ta zauna daram a tsakiyar dardumar, ta miƙe ƙafa. Na ga Roda ta buɗe baki, ta kuma rufe.

Aka gaisa. Roda ta ce tana so a saƙa wa Susana gwado na kai wa ɗakin miji, amma zarenta ba shi da sirantar da take so.

“Da ina da ido, da ni zan kaɗa wa jikata,” in ji Gwaggo Hansai. “Shekara biyu ke nan rabona da mazari. Zare fari, tabarma fara, ƙasa fara. Sai ya tsinke a hannuna ban san inda bakinsa ya faɗa ba.”

Tana cikin faɗin haka sai ta sunkuya, ta sa yatsu biyu ta ɗauki wani guntun zare daga kan dardumar, wanda ya faɗo daga zanen Roda. Ta ɗaga shi, ta ɓata fuska, ta mayar da shi kan baƙin, ta ƙura masa ido.

“Wa ya kaɗa wannan? Nan kauri, nan siriri, kamar hanjin kaza.”

“Ni ce, Gwaggo.”

“To, kin lalace.”

Roda kuwa kallon tsohuwar take yi, wadda ɗazu ba ta ga kujera ba, yanzu kuma ta ga aibin zare. Ta tashi ta fita, ta dawo da taskirarta da mazari da alli, ta ajiye su a gaban Gwaggo Hansai.

“A kan shimfiɗar Sista?” in ji tsohuwar. “Ba za ki bi ni da tsinta ba?”

“Kaɗa dai, Gwaggo.”

Ta shafa alli, ta murza mazarin. Hannun bai manta ba. Zaren ya miƙe fari tas a kan baƙin, tana bin sa da ido daga sama har ƙasa. Da ya tsinke, ta kai hannu ta ɗauki bakinsa ba tare da lalube ba. Ba ta tashi ba sai da aka kira la'asar.

A makon nan Roda ta sake gyara ɗakin. Ta ja dardumar zuwa gindin taga, inda haske yake sauka a kanta. Ta cire labulen gaba ɗaya. Kujerun biyu suka bi keke zuwa zaure, inda Matta ya ce ya daɗe yana jiran su. Tabarmi suka fito daga bayan ƙofa. Ta kuma ƙetare hanya da ƙafarta, ta gaya wa matan cewa Gwaggo ta koma kaɗi, tana neman abokan hira. Ba ta ba da haƙuri da baki ba, su ma ba su nema ba. Ranar Litinin mata huɗu suka zo.

Da zaren Gwaggo Hansai aka saƙa gwadon Susana. Tsohuwar ta ci gaba da zuwa kullum, wurinta tsakiyar darduma, har ta rasu a daminar 1985. Zuwa lokacin masaƙa sun koma zaren kanti, masu kaɗi sun ragu, amma zaman bai watse ba, wasu da ɗinkin hula suke zuwa, wasu da ɓarar gyaɗa.

Dardumar ta daɗe da komawa ruwan toka. Duk ranar Asabar Roda takan rataye ta a katangarmu ta yi ta bugu da sanda, audugar tana tashi tana sauka a kan shanyata. Na yi mata magana sau ɗaya, ta ce in riƙa yin wankina ranar Juma'a.