Telan da Ya Ɗinka Rigar Magajinsa

Shekara goma sha tara Tela yana tsaron raga a kulob ɗin ƙwallon unguwarsu, kulob ɗin magidanta masu tumbi da ciwon gwiwa. Ran Asabar, ranar wasa, ko rigar ango ce a kan kekensa, sai dai ango ya yi haƙuri. Ƙwallo ta karkata masa yatsu biyu, har matarsa kan tsokane shi, "Maigida, a ce da wannan hannun kake zura zare a allura, ai ikon Allah ne." Shi ne kuma mai ɗinka lambobin rigunan kulob tun ranar da aka kafa shi.

Sai rigima ta tashi bayan wani wasa. Wani ɗan baya ya kai wa koci naushi, Tela ya shiga tsakani, koci ya yi zaman daɓaro a ƙasa. Takarda ta zo: ana tuhumar Tela da ture koci, ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ran Lahadi. Ko a jikinsa. Dokar kulob, wadda da shi aka rubuta ta, ta ce ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa. Ya samo shaidu biyu, yana taka keke yana bitar jawabinsa.

Amma sabo turken wawa. Ran Alhamis sakatare ya aiko masa da ƙunshin rigunan sabuwar kakar wasa, da jerin sunaye da lambobi, kamar kowace shekara. Tela ya bi jerin da karkataccen yatsansa, ya sake bi. Babu shi. A gaban lamba ɗaya, lambarsa ta mai tsaron raga, sunan ƙanin matar shugaban kwamiti ne. Ga sa hannu, ga hatimi, ga kwanan wata: Talata.

Almakashi ya suɓuce masa. Haka matarsa ta iske shi, baki buɗe.

"Lafiya, Maigida?"

"Sun gama shari'ar."

"Ba ka ce sai Lahadi ba?"

"Ni ma haka aka ce mini."

"To, mayar musu da tsummokaransu!"

Bai mayar ba. Ya zauna ya ɗinka lambobin kaf, ransa na suya.

Ran Lahadi aka hallara a ajin makarantar da suke aro. Kocin da ya kawo ƙara ma yana zaune a teburin masu hukunci, babu kunya. Shugaba ya gyara murya. "Ɗan'uwa, ba mu yanke komai ba. Faɗi abin da ya faru, muna jin ka."

Tela ya buɗe leda, ya shimfiɗa riga mai lamba ɗaya a kan teburin, ya ɗora takardar jerin sunayen a kai. Sakatare ya dafe kai. Ɗaya daga cikin shaidun ya leƙa ya karanta, ya yi salati. "Talata? To mu me muka zo yi nan?"

Tela ya juya wajen shugaba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "na rage mata kafaɗa, ƙanin matarka siriri ne. Na kuma ninka masa gwiwar hannu. Ka gaya masa akwai tsakuwa ta gefen hagun ragar nan."

Ya zaro tsohuwar safar hannunsa daga aljihu, ya ajiye a kan rigar, ya fita.