Bel ɗin Motar Malam Ja'afaru

Sunansa na yanka Zaharaddini, amma duk birnin Zariya da Bahago aka san shi, don da hagu yake riƙe sufana. Ɗan unguwar Limancin Kona ne, daga gidan da kowa ya tashi da littafi a hannu, shi kaɗai ya ɓalle ya bi ƙarfe. An yi surutu har aka gaji. Yau shekararsa ashirin da bakwai yana gyaran mota a Ƙofar Galadima, kuma masu surutun su ne ke layi a garejinsa. Bahago ba ya fariya da komai sai abu ɗaya: hannunsa bai taɓa ɗaura wa motar wani jabun kaya ba.

Mutum ɗaya ne ke sa wannan bakaniken ya rasa bakin magana, wato Malam Ja'afaru, wanda a zaurensa ya sauke Alƙur'ani. Malam na da wata tsohuwar Golf ja, da ita yake zuwa Kaduna duk Alhamis ya ba da karatu ya dawo. To, a cikin birni ɗalibi ba ya yanka wa malaminsa farashi, abin kunya ne. In an gama gyara, Malam ya zura masa dubu biyar a aljihu, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya saka masa da alheri bisa ragin da ya yi, shi kuma ya shafa. Ko gyaran na dubu arba'in ne, ragowar daga jikin Bahago take fita. Shekara goma sha biyu ana haka, har Malam na bugun ƙirji a majalisa wai motarsa ba ta cin kuɗi, masu kukan tsadar gyara ba su iya tuƙi ba ne.

Wata Litinin Malam ya kawo motar don canjin bakin mai. Bahago ya ji wani ɗan sauti da bai yi masa ba, ya kwance murfin gaban inji ya leƙa taimin bel, bel ɗin nan mai haƙora da ke sa fistin da bawul su yi aiki ba tare da sun yi karo ba. Ya tsattsage kamar kaushin dunduniya, haƙora biyu sun zube. Ya san sauran labarin: in ya tsinke a kan gudu, bawul su lanƙwashe, inji ya tashi aiki, dattijo mai shekara saba'in ya tsaya a tsakiyar titin Kaduna tireloli na wucewa ta gefensa.

Ya hau babur ya nufi Sabon Gari wajen masu kayan mota. Bel na ainihi, da abin da ke ɗaure shi, da famfon ruwan da dole a canza tare da su, dubu casa'in da biyar. Jabu kuwa dubu goma sha huɗu, ga kwali mai sheƙi. Mai shagon ya ba shi duka biyun ya je ya yi shawara. Da a shekarun baya ne da tuni ya biya ya yi shiru, amma bana kasuwa ta yi sanyi, ba shi da wannan ƙarfin.

A gida matarsa Tayyiba ta ga ya tasa tuwo a gaba yana kallo. Da ta ji dalili sai ta ce, "Baban Radiya, ko ka sa mai arhar ka zama maƙaryaci, ko ka buɗe baki ka faɗa masa. Kunyar nan taka ba za ta tura mota a hanyar Kaduna ba." Ya ji haushin maganar ƙwarai, musamman da yake gaskiya ce.

Washegari bayan la'asar ya je zauren, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Mutumin da ke daka wa direbobin tirela tsawa, ga shi gumi na bin wuyansa. Ya ajiye bel biyun a kan buzun Malam.

"Allah ya gafarta Malam, wannan zai kai shekara huɗu. Wannan kuwa ban san ranar da zai tsinke ba, kuma ba zan ɗaura shi ba. Mai kyan, da kayan da ke bin sa, dubu casa'in da biyar ne."

Malam ya gyara tabarau. "Dubu nawa?"

Bahago ya maimaita, wannan karon da muryar da yake magana da ita a gareji.

"Ikon Allah. To, shekarun baya ai ka canza mini irinsa, na ba ka dubu biyar. Nawa aka saye shi lokacin?"

"Talatin da biyu, Malam."

"Wa ya cika?"

Bahago ya sunkuyar da kai. Malam ya daɗe yana juya bel ɗin a hannunsa, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji a gaban ɗalibi ba.

"Zaharaddini, ka bar ni ina ba mutane dariya a majalisa," in ji shi a hankali. "Motar ta zauna a wurinka har ƙarshen wata, in kuɗin fanshona ya fito ka sa mai kyan. Alhamis na bi motar haya, ba a kaina aka fara ba. Daga yau kuma ko kusa ka ɗaura ka faɗa mini kuɗinta."

Bahago ya ce to, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, ban sallame ka ba. Shekara goma sha biyu ina yi maka addu'ar mai ragi, ashe kai ke ɗauke da ni. Waccan ta yi maka kaɗan."

Malam ya ɗaga hannu ya shiga yi masa addu'a. Har aka kira magariba bai shafa ba.