Kaset mai jiran ɗaliba

Yau wanda yake son koyon waƙoƙin ibada na tsofaffin mawaƙan kudancin Indiya, wayar hannunsa ta ishe shi. Zai ji murya, ya ga baiti a rubuce, ya karanta fassara, ya mayar da baya iya son ransa. A Landan ta shekarun tamanin kuwa, abin da ake da shi bai wuce 'yan kaset da ake sayarwa a shagunan kayan yaji ba, sai wani littafi mai ƙananan baƙaƙe da ake aikowa daga can ƙasarsu. Sauran duk yana bakin malami.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata jami'a a Bloomsbury, muna zaune da iyalina a flat na sama a wani gida a Tottenham. A ƙasa akwai wani dattijo Ba'indiye, tsohon ma'aikacin gidan waya, da 'yarsa mai aikin jinya a babban asibitin Camberwell. Kowace safiya muryarsa takan ratso katakon ɗakinmu. Da muka saba, ya gaya mini waƙoƙin na wani mawaƙi ne da ya tsara su da harshen Telugu don yabon abin bautarsa, ya kuma rasu tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar magana. Shi ya karɓa daga malaminsa, malaminsa daga nasa, har a kai ga almajiran mawaƙin. Ni nakan kira shi Malam, shi kuma ya ji matata tana ce mini Alhaji, sai ya riƙe.

Addininmu ba ɗaya ba ne, kuma ba mu taɓa ɓoye wa juna haka ba. Amma hanyar koyarwar tasa na san ta. A Alƙahira na zauna gaban mai gyara mini karatu, harafi ɗaya mukan wuni a kai. A Khartum da Accra na ga masu bege suna karɓar kari daga bakin manyansu. Ko'ina dokar ɗaya ce: malami ya faɗa, ya yi shiru, ɗalibi ya maimaita, malami ya gyara.

Wata rana 'yar ta tare ni a matakala, ko rigar aiki ba ta cire ba. Ta ce likitoci sun ga tsiro a maƙogwaron mahaifinta, za a yi masa aiki nan da 'yan watanni. Zai rayu, amma muryar waƙa ba za ta dawo ba. Akwai waƙoƙi masu yawa da bai ba ta ba tukuna, ga shi aikin asibiti ba ya barin ta zama gabansa sai jefi-jefi.

“Baba, an ce kai ne kake naɗar kaset na darasi a wajen aikinku,” ta ce. “Ka taimake ni.”

Na ari rakoda da makirufo, muka zauna a falonsu ranar Asabar. Malam ya harɗe ƙafa a kan darduma, ya rera waƙa uku daga farko har ƙarshe. Na koma sama ina jin na yi abin kirki. 'Yar ta riƙa sauraro a jirgin ƙarƙashin ƙasa, tafiya da dawowa, cikin ɗan lokaci ta haddace. Ranar da ta rera masa ina wurin. Bai bari ta kai rabi ba ya ɗaga hannu.

“Wa ya koya miki wannan?”

“Kai mana, Baba. Muryarka ce.”

“Muryata ta koya miki gudu? Ina lanƙwasar da take tsakanin wannan sauti da wancan? Kin haɗiye ta kamar ƙwayar magani.”

Ya juyo gare ni. “Alhaji, ɗauki akwatinka. Wannan abu ba ya jiran kowa. Yana ta magana kamar ɗan siyasa. Gara waƙar ta tafi da ni da a bar ta a gurguje.”

Ya ƙi sake zama. Na yi masa magana a bakin ƙofa, na yi masa a tashar bas, ya ce a'a. Matata ta ce, “Alhaji, kai da ko waƙar raino ba ka iya ba, me ya haɗa ka da wannan rigima?” Na ce mata ban san waƙa ba, amma na san abin da ake ji idan tsoho ya tafi da abin da yake kansa. 'Ya'yanmu ma ga su nan, ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Na ƙudura ba zan bari ranar aikin ta zo muna zaune ba.

Na daɗe ina juya maganarsa, cewa akwatin ba ya jira. Ai kaset ɗin da nake yi wa ɗalibaina Turawa yana jira. Haka muke aikinmu: in faɗi jimla, in bar fili daidai tsawonta, ɗalibi ya maimaita, in sake faɗa don ya gwada da nasa. Kullum nake yi, amma ban taɓa kawo shi kusa da waƙa ba.

Na sauka da kaset ɗin darasi na farko, na ce masa ba naɗa na zo yi ba, shayi na zo sha. Muna sha na kunna. Muryata ta ce, “Ina kwana?” Sai shiru. Malam ya dubi rakodar, ya dube ni. Muryar ta sake cewa, “Ina kwana?” Shiru ya sake biyowa, sai na ji dattijo ya buɗe baki ya ce, “Ina kwana,” da wata irin Hausa mai lanƙwasa. 'Yar ta fashe da dariya har shayi ya sarƙe ta.

“Ka ga yaudara,” ya ce. “Akwati ya sa ni karatu da furfurata.” Ya nuna rakodar. “Wa ya koya masa ladabi?”

“Ni ne, Malam.”

“To kawo shi gobe. Amma ni zan faɗa masa tsawon shirun.”

Haka muka fara, duk ranar da ba ni da aji. Yakan rera layi ɗaya, ya yi shiru yana buga lokaci da tafin hannu a cinya, yana juya hannun, yana ƙirga da yatsu. A al'adarsu layi ɗaya ana maimaita shi salo-salo, kowane ya fi na baya ado, don haka waƙar da ake rerawa cikin ɗan lokaci takan cinye kaset guda. A kan kowane kwali 'yar tana rubuta baitin da baƙaƙensu, ni in rubuta da boko yadda kunnena ya ji, sannan ta faɗi ma'ana mu sa da Turanci.

Wani abu ya riƙa damuna. A cikin shirun, Malam yakan manta ba kowa gabansa. Sai ka ji ya ce, “A'a, kin yi sauri. Sake.” Ko kuma, “Kada ki ja numfashi a nan.” A wajen aikinmu irin wannan ɓarna ce, gogewa ake yi. Na gaya wa 'yar zan share su in ba ta mai tsabta. Ta karɓi kaset ɗin ta tafi da shi aiki, washegari ta hau sama da sauri.

“Baba, kada ka taɓa ko ɗaya. Duk inda ya ce na yi sauri, wallahi na yi saurin. Tun ina ƙarama yake jin kuskurena, ya san inda zan faɗi.”

Na bar su. Daga baya muka lura kaset ba ya nuna hannu, kuma ba a riƙe lokacin waƙar sai da shi. Na nemi aron kyamarar bidiyo ta sashenmu, aka sa mini rana aka soke har sau biyu, na ci gaba da komawa ofishin har suka gaji da ganina. Na ɗauko ta a bas, nauyi kamar buhun masara. Malam ya ce kada a ɗauki fuskarsa, hannu da cinya kawai, don ba fim ya zo yi ba.

Zuwa ƙarshe muryar ta fara dushewa. Yakan rera layi biyu ya kurɓi ruwan ɗumi. Na ce mu huta, ya ce hutu yana gaba, mai yawa ma. Ba mu gama duka ba. Akwai waƙoƙin da farkonsu kawai muka kama, akwai waɗanda ko taɓa su ba mu yi ba. Amma waɗanda ya fi jin tsoron ɓacewarsu sun shiga.

Aka yi aikin lafiya. Ya dawo gida da murya kamar raɗa. Duk shekara mutanensu sukan taru a zauren wata makaranta su rera waƙoƙin mawaƙin, a wannan karon 'yar ce ta zauna a wurin mahaifinta. Ni ina can baya kusa da takalma. Shi yana gefenta yana buga lokaci a cinya. Sau ɗaya na ga ya ɗaure fuska, sauran kuwa kai yake gyaɗawa. Da muka fito na tambaye shi yaya ya gani. Ya jawo kunnena kusa da bakinsa ya ce, “Ta ci rabi.” 'Yar ta ce a wurinsa rabi babban yabo ne.

A shekarun casa'in wani ɗalibin kwamfuta ya kwashe sautin da hoton hannun da rubutun ya haɗa su a faifan CD, har da shirun da faɗan. Zuwa lokacin 'yar ta fara koyar da yara a falon nan na ƙasa. Malam bai sake rera waƙa ba har ya bar duniya. Tun daga aikin da aka yi masa, duk mai koyo a gidan daga na'ura yake fara karɓar layi, aikin malami kuma ya koma sauraro da gyara.